Darasi na 12: Fure Mai Kyan Ɗan Maciji

A karanta wannan labari a hankali, sannan a amsa tambayoyin da ke biye da shi.

Hadiza tana zaune da iyayenta a Ibadan. Da aka yi dogon hutu, sai ta ziyarci kakanta, Malam Tanko, a wani ƙauye kusa da Zariya. Malam Tanko manomi ne. Yana da karnuka biyu, Duna da Gajere, masu gadin gida da gona. A bayan gidansa akwai ɗan lambu, inda ya shuka masara da kuɓewa da yakuwa da zogale.

Wata rana, a farkon watan Satumba, Hadiza ta tashi da sassafe. Ta durƙusa ta ce, “Ina kwana, Kaka?”

“Lafiya lau, amarya,” in ji tsohon cikin wasa. “Ɗauko kwandonki, yau ke za ki raka ni gona.”

Suka kama hanya, karnuka suna gaba suna shinshina ciyawa. Raɓa ta jiƙa ƙafafunsu. A gefen hanya tafasa ta yi furanni masu ruwan ɗorawa. Malam Tanko ya ce da ganyenta ake yin kwaɗo. Da suka isa bakin kududdufi, suka ga fararen furannin bado a kan ruwa. Can gaba kuma Hadiza ta miƙa hannu za ta karya reshen tumfafiya.

“Kul!” in ji kakanta. “Farin ruwan da ke cikinta yana cutar da ido.”

Da suka shiga gonar dawa, Gajere ya ruga ya bi wani zomo, Malam Tanko ya bi shi yana kira. Hadiza ta tsaya ita kaɗai. A nan ta ga waɗansu furanni masu ruwan hoda a gindin dawa. Ba ta taɓa ganin masu kyau kamarsu ba. Ta tuge su ta cika kwandonta.

“Kaka, dubi abin da na samo! Zan dasa su a lambu, kusa da masara.”

Tsohon ya duba kwandon, fuskarsa ta sauya. Ya ce, “Amarya, wannan ai kyan ɗan maciji gare shi. Sunansa ƙuduji, waɗansu kuma suna kiransa wuta-wuta. Dubi dawar da kika same shi a gindinta.”

Hadiza ta duba. Dawar gajeriya ce, ganyenta ya yi rawaya kamar wuta ta taɓa shi.

Malam Tanko ya ci gaba da bayani. “Ƙuduji yana manna saiwarsa a jikin saiwar dawa ko gero ko masara, yana shan ruwa da abincin da shukar ta samo. Tun yana ƙarƙashin ƙasa yake fara ɓarna, kafin manomi ya gan shi. Tsiro ɗaya yana fitar da dubban ’ya’ya, ƙanana kamar ƙura. Suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran shuka. In suka zuba a lambunmu, masarar baɗi ta shiga uku.”

“To, yaya za mu yi da shi, Kaka?”

“Abin da kika yi daidai ne, wurin kai shi ne kika yi kuskure. Ana tuge shi kafin ’ya’yansa su nuna, a tara a ƙone. Taki yana rage shi. Haka kuma in an shuka gyaɗa ko waken suya a gonar wata shekarar.”

Suka yi ta tugewa har rana ta ɗaga. Suka tara shi a gefen gona domin a ƙone. Kafin su shiga gida, Malam Tanko ya sa Hadiza ta kakkaɓe kwandonta, ta wanke takalmanta. Shi kuma ya wanke fartanyarsa, ya hana karnuka shiga lambu da taɓo a ƙafafunsu. A cikin lambu Hadiza ta ga kuɓewa ta yi fure mai ruwan ɗorawa. Ta ce, “Kaka, shi ma wannan mugu ne?”

Tsohon ya yi dariya. “A’a, wannan miya zai zama.”

Ma’anar Kalmomi

Raɓa: ɗigon ruwan da ke kwana a kan ciyawa.
Kududdufi: rami mai tara ruwan sama.
Tuge: cire tsiro har da saiwarsa.
Baɗi: shekara mai zuwa.
Kyan ɗan maciji: kyau mai tare da cuta.
Shiga uku: faɗawa cikin babbar wahala.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin Duna da Gajere?
2. Kawo sunayen tsirrai uku da Hadiza ta gani kafin su isa gona.
3. Ta yaya ƙuduji yake cutar da dawa?
4. Don me Hadiza ta wanke takalmanta?

Nahawu

Ana amfani da “mai” ga abu ɗaya, “masu” ga abubuwa da yawa: fure mai kyau, furanni masu kyau. Cike gurbi:

1. kare ____ gudu
2. gonaki ____ faɗi
3. yarinya ____ ladabi

Aikin Gida

Rubuta jimloli biyar a kan wani tsiro da ke kusa da gidanku.