DARASIN FALAKI: TAURARI ABOKAN TAFIYA MASU NISAN TSAKANI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ƙawata sama da taurari, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu karatu, a lokacin bazara, sa'ad da zafi ke fitar da mu tsakar gida da dare a nan Madarunfa, yara sukan nuna taurari biyu da ke dab da juna su tambaye mu: shin waɗannan tare suke? Da yawanmu kan yi shiru, sai mai duba ya samu ƙofa, ya ce haɗuwarsu alamar aure ce ko mutuwar wani babba. Malamanmu kuwa sun raba ilmin taurari gida biyu. Akwai sanin tafiyarsu domin gane lokaci da jiha da alƙibla, wannan halal ne. Akwai kuma jingina musu tasiri a kan arziki da ajali, wannan ɓata ne. Darasinmu na yau yana cikin gida na farko, kuma muna fatan ya toshe ƙofar na biyu.

Fasali na ɗaya: Maƙwabtakar ido da maƙwabtakar gaskiya

Mu sani cewa ido ba ya auna nisa a sama. Wanda ya tsaya bakin tafkin Madarunfa da dare zai iya ganin fitilar masunci a cikin jirgi, da wata fitilar can tsallake, kamar suna jere, alhali faɗin ruwa ne tsakaninsu. Haka wasu taurari suke. A burujin Jadyu akwai biyu da ido ke gani a haɗe, amma haskensu na ɗaya yana iso mu cikin shekara ɗari da ƴan kai, na ɗayan kuwa sai ya yi ɗaruruwan shekaru a hanya. Babu abin da ya haɗa su sai jihar da muke kallo.

Akwai kuma waɗanda ƙarfin jan juna, wanda Larabawa ke kira jazibiyya, ya ɗaure su, suna kewaya juna. Wiliyam Hashal na Ingila ne ya nuna haka a 1803, bayan ya shafe shekara fiye da 20 yana auna wasu taurari biyu-biyu. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta kai ɗaruruwa ko dubban ninkin nisan da ke tsakaninmu da Rana, su ne masu nisan tsakani da muke nufi. Nisanmu da Rana kimanin kilomita miliyan 150 ne. Domin sauƙin lissafi bari mu kira shi taki ɗaya.

Fasali na biyu: Mi'zar da Suha

A daren Afrilu ko Mayu, bayan sallar isha'i, mu fuskanci arewa. Za mu ga taurari bakwai masu haske, huɗu kamar makara, uku a jere suna biye. Larabawa suna kiran su Banatu Na'ash. Na tsakiyar ukun nan shi ne Mi'zar, kuma a gefensa akwai wani ƙarami, shi ne Suha. Ratar da ido ke gani tsakaninsu ba ta kai rabin faɗin cikakken wata ba. Abdurrahman As-Sufi ya ambace shi a littafinsa na siffofin taurari, wanda ya kammala wajen shekarar 964 Miladiyya, kuma mutanen da sukan gwada kaifin gani da shi.

Da aka samu madubin hangen nesa sai al'amari ya ƙaru. A 1617 Kasteli, almajirin Galiliyo a ƙasar Italiya, ya ga Mi'zar ɗin kansa taurari biyu ne. A 1889 aka gane a Amurka, ta hanyar rarraba haskensa, cewa babban cikin biyun shi ma biyu ne, suna kewaya juna cikin kwana 20 da rabi. A 1908 aka gane ƙaramin ma haka yake. A 2009 kuma aka gano wani ɗan jan tauraro a jikin Suha. Ke nan abin da kakanninmu suka ƙidaya biyu, shida ne.

Haskensu yana yin shekara 80 da ɗoriya kafin ya iso mu, kuma Mi'zar da Suha suna tafiya jiha ɗaya da sauri kusan ɗaya. Tazararsu dubban dubatan taki ce. Masana da dama sun rinjayar da cewa a ɗaure suke, amma igiyar tana da rauni ƙwarai, shi ya sa ake ci gaba da awo.

Fasali na uku: Rijlu Ƙanɗuris da abokin tafiyarsa

A watan Mayu da Yuni, idan muka juya kudu, wajen Najeriya, za mu ga tauraro mai tsananin haske wanda ba ya tashi sama da daraja 16 daga ƙasa a wurinmu. Shi ne Rijlu Ƙanɗuris, Turawa suna ce masa Alfa Santori. Haskensa yana iso mu cikin shekara 4 da wata 4 da ƴan kwanaki. Shi ma biyu ne, ɗaya ya ɗan fi Ranarmu nauyi, ɗaya ya ɗan gaza ta. Suna gama kewaye ɗaya cikin kusan shekara 80, suna kusantar juna har taki 11, su nisanta har taki 36.

A 1915 Robat Inis, a ɗakin duban taurari na Johanasbag a Afirka ta Kudu, ya lura da wani ɗan jan tauraro da ido ba ya iya gani, can gefe da ratar faɗin wata huɗu, yana tafiya tare da su. Aka sa masa suna Furoksima, wato mafi kusa, domin babu tauraron da ya fi shi kusa da Ranarmu. Nauyinsa kimanin kashi ɗaya cikin takwas ne na nauyin Rana. Aka yi shekara ɗari ana tambaya: ɗan gida ne ko mai wucewa? Sai a 2017 awo mai kyau ya nuna cewa saurinsa, idan an gwada da na manyan biyu, bai kai mita 300 a daƙiƙa ba, alhali sai ya haura mita 500 kafin ya iya kuɓuce musu. Saboda haka a ɗaure yake. Yanzu yana nesa da su da taki 13,000, idan ya kusanto yakan zo wajen taki 4,000, kuma kewaye ɗaya yana cin shekara kimanin 550,000.

Mu kwatanta da abin da muka sani. Idan taki ɗaya ya zama mita ɗaya, Rana za ta zama kamar ƙwarar gujiya. Manyan taurarin biyu ƙwarar gujiya biyu ne a cikin filin gida ɗaya. Furoksima kuwa ƙwarar hatsi ce da aka ajiye kilomita 13 daga gidan, wajen rabin hanyar Maraɗi. Mu da Ranarmu, a wannan ma'auni, muna nesa da kilomita 270 da wani abu, mun wuce Kano. Duk da haka gujiyar nan biyu tana riƙe da ƙwarar hatsin.

Fasali na huɗu: Ƙa'idojin kewayawa

Ƙa'ida ta farko: babu wanda ke tsaye ɗayan na kewaya shi. Dukansu suna kewaya wata tsakiya ce da ke tsakaninsu, wadda ta fi kusa da mai nauyi. Ɗan garuwa ya san wannan: idan garwa ɗaya ta fi cika, sai ya matsar da kafaɗarsa wajenta kafin sanda ta daidaita.

Ta biyu: hanyar kewayawa ba da'ira ce cikakkiya ba, ta fi kama da siffar ƙwai. Tauraro yakan yi sauri idan ya kusanto, ya yi nawa idan ya nisanta, don haka mafi yawan zamaninsa a nesa yake yin sa.

Ta uku, wadda Kefla ya fitar a 1619, Niyuton ya bayyana dalilinta a 1687: idan nauyi bai sake ba, in tazara ta ninka sau 4, lokacin kewaye yana ninkawa sau 8, in ta ninka sau 100, lokaci ya ninka sau 1,000. Matsakaiciyar tazarar manyan biyu taki 23 ce, ta Furoksima kuwa wajen 8,700, wato ninki 370 da ɗoriya. Bisa ƙa'idar, lokaci zai ninka sau 7,000. Mu buga 80 sau 7,000, sai mu samu 560,000, dab da abin da aka auna. Ta wannan hanya ce ake sanin nauyin taurarin da ba wanda ya taɓa ɗora su a kan sikeli.

Ta huɗu: jan juna yana raguwa da nisa, in tazara ta ninka biyu ya koma rubu'i. Don haka wani tauraro mai wucewa yana iya raba masu nisan tsakani bayan dogon zamani.

Tun da ba mai ran da zai ga ko ɗan yanki na irin wannan kewaye, hujja uku ake nema: nisansu daga gare mu ya zo ɗaya, tafiyarsu ta zo ɗaya, saurin da ke tsakaninsu kuma ya gaza na kuɓucewa. Kumbon Gaya na ƙasashen Turai, wanda aka harba a 2013 ya daina aiki a 2025, ya auna taurari fiye da biliyan ɗaya, kuma daga awonsa aka tsamo fiye da miliyan ɗaya na irin waɗannan abokan tafiya.

Kammalawa

Ya ƴan'uwa, mu riƙe abu uku. Na ɗaya, wanda ya ce haɗuwar taurari biyu tana nuna makomar wani, mu tambaye shi ko ya san nisan da ke tsakaninsu. Na biyu, mu yi hattara da ɗora wa Alƙur'ani lissafin da bai faɗa ba. Tauraron Shi'ira, wanda aka ambata a aya ta 49 ta Suratun Najmi, shi ma biyu ne, an ga abokinsa a 1862. Wasu matasa suna haɗa lambobin ayoyi su ce sun ba da shekara 49.9, alhali awo ya ba da 50.1. Ayar ta zo ne domin kore bautar tauraron, kuma wannan ya wadatar. Na uku, mu koyi tabbatarwa kafin hukunci. An jira shekara ɗari kafin a ce ƙaramin tauraro na gidan wane ne, mu kuwa mukan ga mutum biyu a kan hanyar kasuwa mu yanke musu hukunci kafin la'asar.

Muna roƙon malaman madarasa da na makarantun allo su fita da almajirai dare ɗaya bayan ruwan farko ya kwantar da ƙura, su nemo Suha a arewa da Rijlu Ƙanɗuris a kudu, kowane yaro ya zana abin da ya gani a allonsa.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya tsare mu daga faɗin abin da ba mu sani ba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.