Shawara ga ɗalibanmu na Adjamé da Treichville: tarkon 1^∞

’Yan uwa masu shirin jarrabawar BAC, musamman ’yan ajin C da D, ku yi hattara idan tambayar iyaka ta kai ku ga 1^∞, 0^0 ko ∞^0. Kada ku yi gaggawar rubuta 1.

Ku duba ɗan kasuwar Adjamé mai jarin sefa 100,000, wanda ribarsa ta shekara ta kai yawan jarinsa. Idan yana zuba ribar cikin jari kowane wata, zai tashi da kusan 261,300 a ƙarshen shekara. Idan kullum ne, kusan 271,450. Ko ya yi ta rarrabawa, ba zai wuce 271,828 ba. Wato idan n, yawan rarrabawar, ya yi ta ƙaruwa, (1 + 1/n)^n, mai siffar 1^∞, na doso lambar e, kusan 2.718, wadda Jacob Bernoulli ya ci karo da ita a 1683.

Ga dabarar: ku mayar da f^g ya zama e^(g·ln f), ku nemo iyakar g·ln f, sannan ku ɗora ta a kan e. A misalinmu, n·ln(1 + 1/n) na zuwa 1, amsa e ce. Ga x^x kuwa, idan x na kusantar sifili ta dama, x·ln x na zuwa sifili, amsa 1.

Kafin ku ɗauki ln, ku tabbata f ya fi sifili, kuma ku rubuta hakan a takardar amsa.