Bayan kokowa, dafa gwiwa ya fi ɗora hannu a ka

A filin kokowa na Langa-Langa da ke Damagaram, da an tashi karo sai ka ga ɗan kokowa ya ɗora hannu a ka yana haki. Gara ya sunkuya ya dafa gwiwoyi.

Binciken Jami'ar Western Washington ta Amurka kan 'yan ƙwallo mata, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna bugun zuciyar masu dafa gwiwa ya fi saurin sauka. Sunkuyawa na taimaka wa tsokar numfashi da ke ƙarƙashin huhu ta jawo iska sosai.

Daga nan ɗan kokowar ya taka sannu zuwa inuwa, ya sassauta ɗamara, ya kurɓi ruwa. Wanda jiri ya ɗiba a zafin bazara ya kwanta, a ɗaga masa ƙafafu. In ƙirji na ciwo, a garzaya da shi asibiti.