Me Ya Sa Jikin Iyayenmu Yake Canjawa?

Sau da yawa mukan koma gida hutu mu tarar Mama tana fifita cikin sanyin hunturu, ko kuwa ta farka tsakar dare jiƙe da gumi. Waɗansu maƙwabta su ce sammu ne. In al'adarta ta ɗauke, su ce ciki ne ya kwanta. Darasin ilimin halittu ya ba mu wata amsa dabam.

Cikin jikinmu akwai sinadarai da ake kira homon. Wani masani ɗan Ingila, Ernest Starling, shi ya raɗa musu wannan suna a 1905. Su 'yan aike ne. Jini yake ɗaukarsu zuwa gaɓoɓi, su ba da umurni a kan girma, barci da haihuwa. Yayin da shekaru suke ƙaruwa, sai waɗansunsu su riƙa raguwa.

A jikin mace, homon mai suna istrojin yakan ragu ƙwarai, yawanci tsakanin shekara 45 da 55. Idan ta cika wata 12 ba ta ga al'ada ba, ta daina ke nan. Littafin Farawa sura 18 ya nuna Saratu ma ta kai wannan mataki. Raguwar takan kawo zafin jiki farat ɗaya, rashin barci da saurin fushi. Ƙashi kuma yakan yi rauni, har ƙaramar faɗuwa ta karya ƙugu.

A jikin namiji abin a hankali yake tafiya. Daga wajen shekara 40, homon mai suna testostiron yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Tsoka ta ragu, tumbi ya fito, gajiya ta yi yawa.

Wannan ba cuta ba ce, ba kuwa aikin maƙiya ba. Tafiya a ƙasa, shan nono, cin ƙananan kifi da ƙashinsu, da hasken rana suna ƙarfafa ƙashi. Amma macen da ta ga jini bayan ta daina al'ada, ta je asibiti ba jinkiri. Baba kuma kada ya sayi maganin ƙarfi a tasha, gama gajiyarsa tana iya zama ciwon sukari. Likita ne zai gwada ya faɗa.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in mun koma gida mu yi haƙuri da iyayenmu, mu ɗauke musu kaya masu nauyi, mu bayyana musu abin da muka koya cikin ladabi. In Allah ya ba mu tsawon rai, mu ma hanyar da za mu bi ke nan.