Uwar Aladu Amana Ce

A Unguwar Romi masu bi da yawa suna kiwon aladu domin sayarwa. Daga cikin kuɗin nan su ke biyan makarantar yara, su kuma ba da baiko. Amma sau da yawa mu kan sa ido a kan 'ya'yan, mu manta da uwar, alhali kuwa ita ce jarin. Littafin Misalai 27:23 yana koya mana mu san lafiyar dabbobinmu. Bari mu duba abu huɗu.

1. Mu ƙidaya kwanaki. Kada a kai mace wurin namiji sai ta kai kamar wata 8. A rubuta ranar barbara cikin littafi. Idan bayan kwana 21 ta sāke neman namiji, ba ta ɗauki ciki ba ke nan. Idan ta ɗauka, za ta haihu bayan kwana 114, wato wata uku, da mako uku, da kwana uku. Wanda bai rubuta ba, haihuwa ta kan zo masa ba shiri.

2. Mu ciyar da ita daidai. Dusa kaɗai ba ta isa ba, sai a haɗa da waken soya ko tunkuza, da ruwa mai kyau kullum. Mai ciki kada ta yi ƙiba ainun, gama haihuwa za ta yi mata wuya. Mai shayarwa kuwa a ƙara mata abinci.

3. Mu shirya ɗakin haihuwa. A wanke shi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a kafa itace kusa da bango domin kada uwa ta danne 'ya'yanta sa'anda ta ke kwanciya. Kowane ɗa ya sha nonon fari tun ranar haihuwa. Sanyin hunturu ya kan kashe su, sai a toshe iska. Bayan yaye, cikin mako guda uwar ta kan nemi namiji kuma. Ta haka a ke samun haihuwa biyu a shekara.

4. Mu tsare ƙofa. Zazzaɓin aladu na Afirka ya shigo Nijeriya a 1997, ba shi da magani. Aladen da aka sayo a kasuwar Katsit ta Kafanchan, ko namijin da aka aro, a ware shi wata guda tukuna. Kada kuma mu bar aladu su yi yawo, domin zaman lafiya da maƙwabta.

A nan ne jarraba ta ke. Sa'anda ciwo ya shiga garke, zuciya ta kan ce, “Sayar da sauri kafin su mutu.” Wanda ya yi haka ya tura hasararsa gidan ɗan'uwansa. Gara mu kira likitan dabbobi, mu binne mushe, mu ɗauki hasara da gaskiya. Ubangiji shi ba mu ƙarfin yin haka.