Wuƙar Mutanen Arewacin Turai

Can a ƙarshen arewacin Turai akwai ƙasashe uku maƙwabtan juna, watau Norwe da Suwidin da Finlan. Ƙasashe ne masu manyan dazuzzuka da tafkuna. Da hunturu sanyinsu ya fi gaban misali, har ruwan tafki yakan daskare ya zama ƙanƙara, mutum ya yi tafiya bisansa. Wanda dare ya yi wa cikin daji a irin wannan sanyi, in bai sami hura wuta ba, da wuya ya ga safiya. Saboda haka maharbinsu ba ya fita sai da wuƙa a ɗamararsa.

Kada ku zaci wata ƙatuwar wuƙa ce mai ban tsoro. Wadda mutanen Finlan ke kira puukko, tsawon ruwanta bai cika wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba, watau kamar inci 4. Bayanta miƙaƙƙe ne, kaifinta gefe ɗaya. Ƙotarta kuwa ta itace ce, gama in sanyi ya tsananta ƙarfe yakan manne wa fatar hannu. Kubenta na fata ne mai zurfi, yakan haɗiye wuƙar har ya rufe yawancin ƙotar, don kada ta zame ta ɓace cikin ƙanƙara.

A Suwidin akwai wani gari, Mora, wanda ya yi suna wajen ƙirar wuƙaƙe. A shekarar 1891 wani mutum, Frost-Erik Erson, ya kafa ma'aikatar wuƙa a ƙauyen Östnor, kusa da garin. Har yanzu ana ƙera su a can ana kai su ƙasashe da yawa. Can arewa kuma akwai wata ƙabila, Sami, masu kiwon wata dabba mai kama da barewa, mai ƙahoni masu rassa. Su sukan riƙe wuƙa biyu: babba mai kamar inci 9 don saran ƙananan itatuwa, da ƙarama don fiɗa da sassaƙa.

To, yaya maharbi yake zaɓen wuƙarsa? Da farko sai ya tambayi kansa aikin da za ta yi masa. In fiɗar nama ce da gyaran kifi da fiƙe sanda, ƙaramar ta isa. Sa'an nan ya riƙa ƙotar ya ji ko ta cika masa hannu, domin wadda ta yi siriri da yawa takan gajiyar da yatsu. Daga nan sai ya dubi ƙarfen. Iri biyu ne: akwai mai saukin wasawa, amma in an bar shi da laima sai ya yi tsatsa, akwai kuma wanda ba ya saurin tsatsa, shi ne masunta suka fi so. Ado kuwa, ba ya yanka kome.

Abin da ya sa wuƙar nan ta yi fice shi ne yadda aka fitar da kaifinta. An goge kowane gefe da faɗi, a miƙe har bakin. In za a wasa ta, sai a kwantar da wannan gogaggen wuri bisa dutse a yi ta gogawa. Ko yaro ya iya koyon haka.

Ga yadda take ceton rai. In itace ya jiƙe, maharbi yakan tsaga shi ya kai ga busasshen cikinsa, ya fere shi siriri siriri har ya yi kamar gashin kaza. Sa'an nan ya yanko ɓawon wani farin itace da ke ƙasarsu, wanda yakan kama wuta ko da ya sha ruwa. Kafin a jima sai ga wuta tana ci.

Yara, wuƙa ba abin wasa ba ce. Kada ku taɓa ta sai da iznin babba. In kuna fira, ku tura kaifin gaba, nesa da jikinku da na ɗan'uwanku. In za ku miƙa wa wani, ku juya masa ƙotar. Ku sani kuma dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi haɗari, gama sai an danna ta da ƙarfi, in ta zame kuwa sai ta sami yatsa. In kun gama aiki, ku wanke ta, ku goge ta ta bushe, ku shafa mata ɗan mai, ku mai da ita kubenta.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake yi wa wuƙar nan ƙotar itace?
2. Wane gari ne a Suwidin ya yi suna wajen ƙirar wuƙaƙe?
3. Faɗi abubuwa uku da maharbi ke dubawa in zai zaɓi wuƙa.
4. Don me dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi haɗari?