Yadda Ake Raba Naman Farauta da Gubar Dalma

Da damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe a kan tsaunukan Filato, mafarauta sai su fara kakkaɓe kayan aiki. A unguwar Ali Kazaure da maƙwabtanta irin su Gangare da Dilimi, naman daji ba baƙo ba ne a tukunya: zomo, fakara, zabon daji, gyazbi, wani lokaci har gada. Ana tambayar ko an yi bisimilla kafin harbi, ana tambayar ko an yanka, kuma daidai ne a tambaya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne da me aka harbe dabbar, alhali amsar na iya shafar ƙwaƙwalwar yaron da za a miƙa wa ƙashi ya tsotsa.

Yawancin harsashin farauta dalma ce. Mu a Arewa mun san dalma sani mai ɗaci. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma yara wajen 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dalmar harsashi ba ta kisa irin wancan, gaskiya ce. Tata ɓarnar a hankali take yi, loma bayan loma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'aunin dalma a jini da za a kira marar lahani, kuma jikin ƙaramin yaro na tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa.

Aikin yana farawa tun kafin a fita daji, wurin zaɓen harsashi. Dalma taushi gare ta. Idan ƙwayar harsashin raifal ta daki nama da ƙashi, sai ta tarwatse ta bar ɗaruruwan ɓarɓashi, mafi yawansu ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. A 2008 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota a Amurka ta harbi gawarwakin tumaki ta ɗauki hotonsu na asibiti, ta ga ɓarɓashi har nisan santimita 45 daga hanyar da harsashi ya bi, wato kamu guda cur. A wannan shekarar wani likita mafarauci a jihar North Dakota, William Cornatzer, ya duba ƙunshin niƙaƙƙen naman barewa da ake raba wa mabuƙata, ya tarar fiye da rabinsu na ɗauke da dalma.

Maganin da aka samo shi ne harsashin jan ƙarfe zalla. Kamfanin Barnes na jihar Utah, ƙarƙashin Randy Brooks, shi ya fitar da wanda ya yi suna a 1989. Ga yadda masana'anta ke yin sa. Ana kawo sandar jan ƙarfe a yanka ta gunduwa-gunduwa daidai nauyi. Daga nan ko dai a matse kowace gunduwa a cikin mazubi da inji mai ƙarfin gaske har ta ɗauki siffa, ko a fere ta da injin fira da kwamfuta ke sarrafawa. Sai a huda rami a bakinta, a yi wa bangon ramin 'yan tsage daga ciki. Wannan rami shi ne sirrin abin duka. Idan harsashi ya shiga jikin dabba, ruwan jiki ya cika ramin da ƙarfi, sai bakin ya buɗe gida-gida ya lanƙwashe baya kamar ɓawon ayaba, ƙwayar ta yi faɗi ta wuce ba tare da ta farfashe ba. Mafarauci kan ciro ta ya auna ya ga kusan duk nauyinta na nan.

Jan ƙarfe ya fi dalma tauri kuma bai kai ta nauyi ba. Cikin gurbin da dalma za ta auna giram 11, jan ƙarfe giram 9 zai auna. Saboda taurin, ana yanka masa 'yan zobba a jiki domin a rage gogayya da bututun bindiga, matsin albarushi kada ya wuce kima. Saboda rashin nauyin kuma, ƙwayar jan ƙarfe takan fi takwararta tsawo, shi ya sa masu amfani da ita kan sauko zuwa wadda ta ɗan fi sauƙi. Daga ƙarshe ana auna su, a harba samfuri cikin wani daskararren ruwa da ke kwaikwayon nama, a ga ko ya buɗe yadda ake so.

Bindiga mai liba, irin wadda muka sani a finafinan kaboyi, tana da nata sharaɗin. Shahararriyar cikinsu ita ce Winchester ta 1894 wadda John Browning ya tsara, mai cin harsashin .30-30 da ya fito a 1895. A irin wannan bindiga harsasai na jere ne a cikin wani bututu ƙarƙashin bakin bindiga, bakin na baya yana taɓa gindin na gaba, daidai inda ake doka don albarushi ya tashi. Idan bakin mai tsini ne kuma mai tauri, girgizar harbi kaɗai na iya tayar da na gabansa a cikin bututun, hannun mai harbi kuwa a nan yake riƙe. Don haka wanda za a sa mata dole ya zama mai faffaɗan baki, ko mai kan roba mai laushi irin wanda kamfanin Hornady ke yi. Mai sauyawa zuwa jan ƙarfe zai fara goge cikin bututun tas, sannan ya gwada harbi a kan alama ya gyara saiti, domin sabon harsashi ba lalle ya faɗa inda tsohon ke faɗawa ba. Kuma ya rage nisa. Jan ƙarfe sai da gudu yake buɗewa, .30-30 kuwa tana fita ne da gudun wajen mita 700 a daƙiƙa, tana raguwa da sauri. Mita 100 zuwa 150 ya ishe ta.

To, mafaraucinmu ba da Winchester yake fita ba. Da bindigar toka yake fita, ko mai cin harsashin kwanso mai watsa ƙwayoyi, ga gora da adda da karnuka. A nan akwai gargaɗi biyu da ba na so a wuce su. Na farko, kada wani ya ji labarin jan ƙarfe ya je ya yanyanka wayar lantarki ko ƙusoshi ya ɗura wa bindigar maƙeri. Dalma na lotsewa ta bi bututu, ƙarfe mai tauri ba ya yi, kuma bututun da ya fashe a fuskar mai shi yake fashewa. Ko ƙwayoyin baƙin ƙarfe na kamfani ba kowace tsohuwar bindiga ke ɗauka ba. Ga kuma Dokar Makamai ta 1959, wadda ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba, ta kuma ɗora lasisi a kan mallakarsu, har da bindigar toka. Na biyu, narka dalmar tsohon batirin mota a tsakar gida don yin ƙwayoyin harbi, kusa da murhu da tabarmar yara, ya fi cin naman haɗari nesa ba kusa ba. Ƙurarta na zama a ƙasa shekara da shekaru, yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki.

Idan dai da dalma aka yi harbin, sauran aikin na hannun mai fiɗa da uwargida. A nemi harbin ƙirji, bayan kafaɗa, a kauce wa cinya da manyan ƙasusuwa, domin ƙashi ne ke ƙara tarwatsa ƙwayar, cinya kuma nan naman yake. Bayan yanka da fiɗa, a shimfiɗa naman a wuri mai haske a nemo inda harsashi ya shiga da inda ya fita. Duk inda ya yi baƙi-baƙi, ya daddage, ko jini ya kwanta, ko gashi da ɓarɓashin ƙashi suka cusa, a yanke a zubar. Kada a tsaya nan. Hukumar abinci ta Suwidin ta ce a ƙara santimita 10 bayan iyakar abin da ido ya gani, ta Norwe kuma ta ce 30 ga babbar dabba. Na san hannu na rawa idan za a zubar da naman da aka kwana a daji kansa, amma wannan yankin dama ba ya daɗi, kuma shi ne ke ɗauke da mafi yawan gubar. Huhu da zuciya da hanta na dabbar da aka harba a ƙirji su ma a haƙura da su.

Wanki ba ya fitar da dalma. Gwajin Minnesota ya nuna kwarara ruwa a cikin gawar yana ma watsa ɓarɓashin zuwa inda babu. A yanke tukuna, a wanke wuƙa da faranti, sannan a wanke naman da ya rage. Tsuntsu da zomo, waɗanda ƙwayoyi ke watsuwa a jikinsu, a bi kowace huda da tsinin wuƙa a ciro ƙwayar, a ƙwaƙule zagayenta. Kada a daka ko a niƙa naman da ke kusa da rauni. Dambun nama daga irin wannan yanki yana rarraba gubar ga kowane cokali.

Wajen girki a kiyayi tsami. Masu bincike a Sifen sun dafa tsuntsayen da aka harba da dalma cikin ruwan tsami, suka ga tsamin na narkar da ita ta shiga nama da romo. Wannan ya shafi tsamiya da lemon tsami da yakuwa, har da tumatir mai yawa. Wuta ba ta kashe dalma, komai daɗewar tafasa. Abin da aka yanke kuma kada a jefa wa karnukan farauta, kada a bar shi a fili. A haƙa rami a binne. Ungulu na haɗiye ɓarɓashin tare da kayan ciki ta mutu, ga ungulun garuruwanmu tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Irin wannan mutuwa ta wata babbar ungulu ce ta sa jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma baki ɗaya daga Yulin 2019, Amurka kuma ta hana harbin agwagin ruwa da ita tun 1991.

Duk da wannan taka-tsantsan, babu mai fiɗar da zai rantse ya cire komai. Saboda haka a lokacin rabo, mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara a ba su kaza ko naman mahauta, a bar wa manya na dajin, su ma ba kullum ba. Uwargida, idan an shigo da nama daga farauta, tambayi maigida da me ya harba kafin ki ɗora tukunya.